Me ya sa kamfanonin tasi na intanet ke shan kaye a hannun 'yan gida?

A cikin shekaru goma sha da suka gabata, manyan kamfanonin da ke haɗa fasinja da direba ta wayar salula sun shiga ƙasashe da dama da ɗimbin jari. Sai dai a wurare da yawa sun ƙare da sayar da harkarsu ga abokan hamayya na cikin gida, ko kuma sun tattara nasu ya nasu sun fice.

Kamfanin Uber na Amurka ya bar ƙasar Sin a shekarar 2016, ya haɗe harkarsa ta Rasha da ta kamfanin Yandex bisa wata yarjejeniya ta 2017, sannan ya janye daga kudu maso gabashin Asiya a 2018.

A Kano ma an ga makamancin haka. Kamfanin OPay ya shigo da tsarin kiran adaidaita sahu ta waya a 2019, amma kafin shekara ta zagayo harkar ta tsaya. A garuruwan noman rani da ke kudu da birnin kuwa, irin su Bunkure da Kura, har yanzu tasha da sanayya ne ke tafiyar da sufurin mutane da na amfanin gona.

Yadda harkar take

A mafi yawan lokuta waɗannan kamfanoni ba su mallaki mota ko babur ba. Abin da suke da shi shi ne manhajar da ake saukewa a waya.

Fasinja zai nuna inda yake da inda za shi. Manhaja ta nemo masa direba mafi kusa, ta yanke kuɗin tafiya, ta kuma ajiye sunan direban da lambar motarsa. A kan wannan dillanci ne kamfani ke cire kamashonsa, wanda a Najeriya yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 a wajen manyan kamfanonin.

Mota ta direba ce, ko ta wanda ya ba shi haya. Kuɗin mai da na gyara da na data duk suna wuyansa.

Harkar ba ta tsayawa da ƙafarta sai direbobi da fasinjoji sun yawaita a lokaci guda. Fasinja ba ya komawa manhajar da ta bar shi yana jira a rana, direba kuma ba ya zama a kan manhajar da ba ta kawo masa aiki. Don haka sabon kamfani kan sayi ɓangarorin biyu da kuɗinsa: ya yi wa fasinja rangwame, ya bai wa direba garaɓasa, ya ɗauki asarar da ke tsakani har sai mutane sun saba.

A nan ne harkar ta sha bamban da irin su Google ko Facebook, waɗanda abin da suka gina a wuri guda ke amfanar mai hulɗa da su a ko'ina. Yawan direbobin Uber a Landan ba ya rage wa mai jiran mota a Sabon Garin Kano ko da minti ɗaya. Kowane birni sai an faro shi daga tushe, kuma ba abin da zai hana direba ɗaya ya ajiye manhajoji biyu ko uku a waya guda, ya bi wadda ta fi tsoka a wannan rana.

Abin da ya faru a Sin da Rasha da Asiya

An kafa Uber a birnin San Francisco a 2009, ya kuma buɗe harka a Sin gadan-gadan a 2014. A can ya tarar da Didi, wanda aka kafa a 2012, kuma ya haɗe da babban abokin hamayyarsa Kuaidi a farkon 2015.

Didi na da goyon bayan Tencent da Alibaba, kamfanonin da ke riƙe da manyan hanyoyin biyan kuɗi ta waya a ƙasar. Taswirar Google da Uber ya dogara da ita a wasu ƙasashe ba ta aiki yadda ya kamata a Sin, sai da ya ƙulla ƙawance da kamfanin Baidu. A farkon 2016 shugaban Uber na lokacin, Travis Kalanick, ya bayyana cewa suna asarar fiye da dala biliyan 1 a shekara a Sin. A watan Agustan wannan shekara ya sayar wa Didi harkar, ya karɓi hannun jari na kusan kashi ɗaya cikin biyar a madadinta.

A Rasha, Yandex ya riga ya mallaki taswirarsa da injin bincikensa na intanet. Uber ya zama ƙaramin abokin tarayya a kamfanin haɗin gwiwar da suka kafa, a 2023 kuma ya sayar da ragowar hannun jarinsa.

A kudu maso gabashin Asiya, Grab ya fara ne a Malesiya a 2012 da direbobin tasi masu lasisi, kuma tun daga farko yana karɓar tsabar kuɗi. Uber bai fara gwajin karɓar kuɗi a hannu ba sai a 2015, a birnin Hyderabad na Indiya. A Indunusiya, Gojek ya soma a 2010 a matsayin ofishin amsa waya mai 'yan acaba 20, domin ya gane cewa babur ne ke iya ratsa cunkoson birnin Jakarta. Sai a 2016 Uber ya kawo nasa baburan a can. A watan Maris na 2018 ya miƙa wa Grab harkarsa ta yankin, ya karɓi kashi 27.5 cikin 100 na kamfanin.

A Gabas ta Tsakiya kuwa, Uber ya zaɓi ya saye abokin hamayyar. A 2019 ya sanar da sayen Careem na Dubai a kan dala biliyan 3.1.

Zakarun gida ma na faɗuwa a waje

Matsalar ba ta kamfanonin Amurka ba ce kawai. Waɗanda suka yi nasara a gidajensu su ma sun sha wuya da suka zama baƙi.

Didi ya shiga Afirka ta Kudu a 2021, ya fice a watan Afrilun 2022. Gojek ya bar Tailan a 2021, ya kuma bar Biyetnam a 2024. Kamfanin Ola na Indiya ya rufe harkarsa a Birtaniya da Ostareliya da New Zealand a 2024. SafeBoda na Yuganda, wanda ya kawo acaba ta waya birnin Ibadan a 2020, ya bar Najeriya a ƙarshen 2022.

Wannan na nuna cewa fasahar kanta ba ita ce ke raba gardama ba, domin kwaikwayonta ba shi da wuya. Abin da baƙo ke rasawa shi ne sanin irin abin hawan da mutane ke shiga, da yadda suke biya, da kuma wanda ke da iko da titi. Hausawa dai sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Shigowarsu Najeriya

Uber ya fara aiki a Legas a 2014, ya isa Abuja a 2016. A wannan shekara ce Taxify na ƙasar Estoniya, wanda ya sauya suna zuwa Bolt a 2019, ya shigo Legas da kamasho na kashi 15 cikin 100, ƙasa da na Uber, ya kuma bazu zuwa biranen jihohi da sauri. Easy Taxi, wanda ya riga su duka zuwa Legas, ya janye a 2016.

Uber da Bolt na ci gaba da aiki a Najeriya, saboda haka ba za a ce sun faɗi ba. Amma kasuwarsu ta tsaya ne a manyan birane, a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa da matafiyan jirgin sama da ke iya biyan shatar mota. Mafi yawan jama'a na hawa bas ko tasi ta gwamutsa, ko acaba, ko babur mai ƙafa uku.

Kamfanonin da suka nemi shiga wannan babbar kasuwa ta talakawa su ne suka fi jin jiki. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaba da babura masu ƙafa uku a manyan sassan birnin, matakin da ya durƙusar da harkar fasinja ta Gokada da MAX da kuma ORide na OPay.

Asalin adaidaita sahu

Abokin hamayyar da baƙon kamfani ke tararwa a Kano ba manhaja ba ce. Tsari ne da ya tsiro daga siyasa da addini da tsaron jihar.

A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. A 2005, lokacin da aka hana 'yan acaba ɗaukar mata, gwamnati ta kawo ɗaruruwan babura masu ƙafa uku domin jigilarsu. Sunan shirin ne ya bi baburan har yau, duk da cewa daga baya sun koma ɗaukar kowa da kowa.

Babban sauyi ya zo a watan Janairun 2013. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaba. Dubban matasa suka koma tuƙin adaidaita sahu, masu hannu da shuni kuma suka zuba jari suna saye suna bayarwa, ko dai a riƙa kawo musu balas kullum, ko a biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama na direba.

Sakamakon haka, a manyan titunan Kano fasinja ba ya daɗewa a tsaye kafin ya sami abin hawa. Babbar hajar da manhaja ke tallatawa, wato nemo wa mutum direba, ɗaga hannu a bakin titi na samar da ita kyauta.

Gwajin OPay a Kano

OPay ya samo asali ne daga kamfanin Opera na ƙasar Norwe, wanda masu jari na ƙasar Sin suka saye a 2016. Ya fara harkar biyan kuɗi ta waya a Najeriya a 2018. A 2019 ya tara jarin dala miliyan 50, sannan ya ƙara samun dala miliyan 120 kafin ƙarshen shekarar.

Da wannan kuɗi ya buɗe ORide na babura a Legas, da OTrike na masu ƙafa uku a Aba da Kano. A Kano fasinja kan kira adaidaita sahu ta waya, a kai shi har ƙofar gida shi kaɗai a kan kuɗi kaɗan, kamfani ya cika wa direba sauran. Ɗalibai da ma'aikata da mata sun karɓi tsarin hannu bibbiyu, direbobi da dama kuma suka yi rajista saboda garaɓasar.

A watan Nuwamban 2019 'yan sanda suka rufe ofishin kamfanin a Kano, bisa zargin rashin bin ƙa'idojin jihar. Bayan 'yan watanni sai ga haramcin Legas, sai kuma kullen annobar korona, wanda ya tsayar da zirga-zirga a Kano a watan Afrilun 2020. A watan Yulin 2020 OPay ya sanar da jingine harkokinsa na sufuri, ya mai da hankali kan hada-hadar kuɗi.

Direbobin suka koma ɗaukar fasinja a titi kamar yadda suka saba. Birnin bai rasa abin hawa ba ko na yini guda saboda ficewar kamfanin.

Lissafin kujera

Ko da babu annoba ko saɓani da hukuma, akwai wani lissafi da ke gaban duk kamfanin da ya nemi shiga wannan kasuwa.

Ɗan adaidaita sahu kujera yake sayarwa. Yakan ɗauki mutum uku a baya, wani lokaci da na huɗu a gefensa, yana saukewa yana ɗauka a kan hanya. Manhaja kuwa shata take sayarwa, wato abin hawa ɗaya ga mutum ɗaya.

A ɗauka, alal misali, kuɗin kujera naira 300 ne a wata hanya. Mutum huɗu sun ba direba naira 1,200. Idan fasinja ɗaya ne ya kira shi ta waya, kuma kamfani zai cire kashi 20 cikin 100, to sai fasinjan ya biya naira 1,500 kafin direba ya tashi da abin da ya saba samu. Wato ninki biyar na kuɗin kujera ke nan, ba a ma lissafa man da direba ya ƙona wajen zuwa ɗaukarsa ba.

Muddin kamfani na cike wannan giɓi daga jarinsa, kowa na murna. Ranar da ya daina, ko dai fasinja ya koma bakin titi, ko direba ya kashe manhaja. Wata dabara da ta zama ruwan dare a biranen Najeriya ita ce direba da fasinja su haɗu ta manhaja, sannan su soke tafiyar su daidaita a tsakaninsu, kamfani ya tashi a tutar babu.

Tsadar mai ta ƙara matse lissafin. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a watan Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ɗan adaidaita sahu ya ƙara kuɗinsa a ranar da mai ya tashi. Direban manhaja kuwa sai ya jira kamfani ya sauya farashi. A watan Yunin 2023 ƙungiyar direbobin manhaja ta Najeriya ta shiga yajin aiki, tana neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage kamasho.

Bunkure da Kura: inda manhaja ba ta kai ba

Idan aka bar birnin aka bi hanyar Zariya, za a shiga yankin da ya fi bayyana iyakar wannan tsari.

Ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam su ne cibiyar shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An tsara kashin farko na shirin domin shayar da kimanin hekta 22,000, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙidayar 2006 ta nuna Bunkure kaɗai na da mutane kimanin 170,000.

Yanki ne mai yawan zirga-zirga. Ana noma shinkafa da tumatir da alkama da albasa da masara. Garin Kura ya yi suna wajen injinan casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan kuma na tara tumatirin da manyan motoci ke kwasa zuwa kudancin ƙasar. A kullum akwai 'yan ƙwadago da za a kai gona, da taki da iri da za a shigar, da kwanduna da buhuna da za a fitar.

Duk da wannan buƙata, kamfanonin manhaja ba su kafa harka a nan ba, kuma dalilan a fili suke.

Na farko, gona ba ta da adireshi. Ana kwatanta ta ne da sunan shiyyar ban ruwa, ko mahaɗar magudanar ruwa, ko sunan mai ita. Ɗan acaban garin ya san hanyar gefen magudana da ke biyuwa da rani, da wadda ke zama taɓo da damina. Taswirar waya ba ta ɗauke da wannan sani.

Na biyu, mutum da kayansa tare suke tafiya. Kuɗin ɗaukar manomi da buhun taki biyu a babur, ko kwandunan tumatir a kurkura ko a-kori-kura, ciniki ne da ke duba nauyin kaya da halin hanya da lokacin shekara. Manhajar da ke lissafi da kilomita da minti ba ta da gurbin wannan.

Na uku, aiki na zuwa ne da kaka. Lokacin ɗibar tumatir abin hawa kan yi wuya, bayansa kuma a shiga zaman jira. Kamfanin da ke son ciniki mai gudana duk shekara ba zai ga riba a irin wannan kasuwa ba.

Na huɗu, akwai bashi da lamuni. Sau da yawa direba kan kai kaya kasuwa, sai an sayar a biya shi, domin ya san manomin ya san dillalinsa. Tumatir ba ya jira. Manomin da ya tara kwanduna a bakin gona ya fi natsuwa da lambar wayar direban da suke haɗuwa a masallaci da wajen ɗaurin aure, wanda zai ji kunyar saɓa alkawari.

Wayar salula dai ta riga ta shiga harkar sufurin yankin, amma ta hanyar kira kai tsaye. Ƙaramar waya ta isa, ba a buƙatar data, ba kuma wanda ke cire kamasho a tsakani. Haka abin yake a gidaje da dama na birni, inda maigida ke da ɗan adaidaita sahun da ya amince da shi wajen kai yara makaranta ko kai iyali asibiti.

Hukuma da ƙungiya

Titi da tasha suna da masu su tun kafin zuwan manhaja. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke tsara layin lodi a mafi yawan tashoshi, tana karɓar kuɗin tikiti, tana sasanta rikici, tana kuma bin sawun kayan da suka ɓata. Masu adaidaita sahu da 'yan acaba su ma suna da nasu ƙungiyoyin. A Kano akwai hukumar KAROTA, da aka kafa a 2012, mai kula da rajista da dokokin hanya.

Waɗannan ƙungiyoyi na da ƙarfin da baƙon kamfani ba shi da shi. A watan Fabrairun 2021 masu adaidaita sahu sun yi yajin aiki a Kano kan harajin naira 100 na kullum. A watan Janairun 2022 sun sake janye baburansu na kwana uku kan kuɗin sabunta rajista na naira 8,000, jama'a suka yi ta tafiya a ƙasa, har aka rage kuɗin zuwa naira 5,000. Gwamnati na sauraronsu ne domin suna da yawa kuma suna da ƙuri'a.

Kamfanin waje kuwa ofishi ɗaya gare shi, wanda za a iya rufewa da umarni guda. Ko a wasu ƙasashen haka ne. A Tanzaniya, da hukuma ta ƙayyade kamasho a kashi 15 cikin 100 a 2022, Uber ya dakatar da aikinsa na tsawon watanni.

Tsarin gida shi ma yana da nasa aibin. Akwai lodin da ya wuce kima, da ƙarancin inshora, da ƙarin kuɗi ba zato idan an yi ruwa ko ana bikin salla, da kuma masu fakewa da sana'ar suna ƙwacen waya. Dalilan tsaro ne gwamnatin Kano ta bayar a watan Yulin 2022 lokacin da ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A wannan fanni manhaja na da abin da za ta bayar, tunda tana ajiye sunan direba da hanyar da ya bi.

Baƙin da suka ci riba

Akwai kamfanonin waje da suka yi nasara a wannan kasuwa, kuma hanyar da suka bi abin lura ce.

Mafi yawan baburan adaidaita sahu da na acaba ƙirar kamfanonin Bajaj da TVS ne na Indiya. Su ba su nemi shiga tsakanin direba da fasinja ba. Sun sayar da abin hawa mai jure hanya, suka bar kayan gyara suka wadata a hannun 'yan kasuwa da kanikawan gari.

Kamfanin inDrive, wanda ya samo asali a birnin Yakutsk na Rasha, ya shigo Legas a 2019 da tsarin da ke barin fasinja ya taya, direba ya sallama ko ya nemi ƙari, a kan kamasho mai sauƙi. Wato ya ɗauki cinikin da mutane suka saba ya sa shi a waya, kuma hakan ya ba shi gurbi a gaban waɗanda suka riga shi.

OPay kansa ya bunƙasa bayan ya bar sufuri. A 2021 ya tara dala miliyan 400, aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 2. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura ɗimbin mutane zuwa tura kuɗi ta waya, har ya zama a yau direbobi da dama na karɓar kuɗin mota ta asusun OPay ko makamantansa. A harkar kuɗi ya tarar da giɓi na gaske, musamman a garuruwan da banki ya yi wa nisa, ya kuma dogara da wakilai 'yan gari masu na'urar cire kuɗi.

Wa ke ɗaukar asara?

Ficewar babban kamfani ba kullum take zama faɗuwa gare shi ba. Uber ya fita daga Sin da kudu maso gabashin Asiya da hannayen jari na biliyoyin daloli, kuma a 2023 ya sami ribar gudanarwa ta shekara a karon farko.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne direban da ya ci bashin mota ko babur ko babbar waya bisa lissafin garaɓasar watannin farko. Garaɓasa na iya tsayawa da saƙo guda a waya, amma balas da bashi ba sa tsayawa. Shi ma fasinjan da ya saba da rangwame yakan wayi gari ya ga farashi ya koma na gaskiya.

Ga hukumomi kuma, abin da ya faru a Legas da Kano tsakanin 2019 da 2020 ya nuna illar barin kamfani ya fara aiki kafin a fayyace dokar da za ta hau kansa. Masu zuba jari, na gida da na waje, kan yi ɗari-ɗari da wurin da doka ke sauyawa dare ɗaya.

Ga matasan arewa masu sha'awar kafa irin wannan harka, buƙatun da ba a biya ba suna nan: rajistar direbobi da fasinja zai iya tantancewa, da inshora mai sauƙi, da hanyar haɗa manoman Bunkure da Kura da motocin kaya a lokacin kaka domin rage asarar tumatir. A Habasha, kamfanin RIDE na cikin gida ya fara ne da saƙon waya da ofishin amsa kira kafin ya kai ga manhaja, kamar yadda Gojek ya yi a Jakarta. Duka biyun sun soma ne da irin wayar da ke hannun mutane, da kuma direbobin da suka tarar a kan hanya.